Nauyin da Ta Rage Masa

Bergit ba ta san kafaɗar babanta ta lalace ba sai ranar da ta ga ya sauya hannu wajen ɗaukar butar kofi. Hutun bazara ta zo yi a ƙauyensu Rauland daga birnin Skien, inda take aikin gashin ƙashi a asibiti. Suna zaune a kicin ya miƙa hannun dama, ya ɗan yamutsa fuska, sai ya janye ya ɗauki butar da hagu. Wani ba zai kula ba. Ita kuwa kafaɗun mutane take murzawa daga safe har yamma.

"Baba, ɗaga hannun nan sama in gani."

"Me zan ɗauko a saman?"

"Ka ɗaga dai."

Ya ɗaga. Hannun ya zo daidai kunnensa ya cije, ya ƙi gaba.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun da aka haife ni yake maƙale a nan, uwata. Sha kofinki kada ya huce."

Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kuma ya fi kiranta haka idan yana so ta bar magana.

Baban nata, Sveinung, ya ba saba'in baya. Tun yana saurayi babu kakar da ta wuce bai hau tsauni farautar barewa ba, har kakar da matarsa ta rasu sai da ya hau, ya ce a can ne kaɗai ƙirjinsa ke buɗewa. Bergit ta fara bin sa tun tana sakandare, kuma ko da aiki ya kai ta birni ba ta fasa ɗaukar hutu a lokacin farauta ba. Bindigarsa guda ce, ya saye ta a hannun wani tun ba a haifi Bergit ba. Katakon gindinta ya yi baƙi ƙirin saboda gumi da mai, ga ta da nauyi kamar taɓarya.

Da ta lallashe shi ya yarda ta taɓa kafaɗar, ta ji jijiyar ta zaizaye. Ta san abin da take gaya wa masu irin wannan ciwo a asibiti: a ajiye kaya mai nauyi, a huta. Ta kuma san babanta ko kallonta ba zai yi ba. Sai ta ce a ranta, tun da ba za ta iya hana shi hawa tsauni ba, bari ta rage masa nauyin da yake hawa da shi.

Da ta koma Skien ta shiga wani shagon kayan farauta. Mai shagon dattijo ne mai sanƙo, gilashi a kan hanci. Ta ce bindiga take so wadda ta fi kowace rashin nauyi. Ya ɗauko mata wata gajera, gindinta na roba, ta ɗaga ta da hannu ɗaya kamar tsintsiya. Nan take ta ji ta kwanta mata a rai.

"Taki ce?"

"Ta babana ce. Kafaɗarsa ta fara ba shi matsala."

Dattijon ya sauke gilashinsa. "To, 'yata, a nan fa sai ki yi tunani. Marar nauyi ta fi daɗin ɗauka, amma ta fi shuri. Ƙarfin harsashin da nauyin bindiga ke shanyewa, idan babu nauyin, kafaɗa ce za ta shanye shi." Ya jawo wata daga bango, matsakaiciya. "Wannan ta ɗan fi nauyi, amma tana da haƙuri. Kuma da takalmi za ki saya masa ai sai ya sa ƙafarsa. Ki kawo shi ya gwada su duka biyun."

Bergit ta yi murmushi. Ta san idan aka kawo Sveinung shagon nan zai zagaya, ya yaba komai, ya fita hannu wofi. Kuma a lissafinta yini guda mutum ke yi yana ɗauke da bindiga, harbi kuwa sau ɗaya ne. Ta ce a ajiye mata gajerar har takardar izini ta fito.

Ranar da ta kai masa maganar, tana tsammanin faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hoton bindigar a wayarta, sannan ya kalli fuskarta, yadda take ɗoki kamar yarinyar da ta kawo sakamakon jarrabawa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya sa hannu a takardar neman izinin, inda ta nuna masa.

Maƙwabcinsa Aslak, wanda suka tashi tare suke tsokanar juna tun suna yara, shi ne ya fara ganin bindigar da ta iso. Ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya fashe da dariya.

"Kai, tsoho, wannan ta harbin ɓeraye ce a rumbu? Ko jikanka ka saya wa?"

"Kai da ka harbi dutse bara ka ce barewa ce, har kana da bakin magana a kan bindiga?"

"Dutsen ya motsa, na rantse."

"Ajiye mini abata. 'Yata ce ta zaɓa. Kai naka 'ya'yan ko safa ba su taɓa saya maka ba."

A filin gwaji, inda kowane mafarauci ke nuna hannunsa kafin a buɗe farauta, Sveinung ya kwanta a kan tabarma ya zuba harsasansa duka a cikin da'ira. Bergit tana tsaye a bayansa. Ta ga kafin kowane harbi yana ɗan runtse ido, wuyansa yana ƙanƙancewa. Ta ce wa kanta rana ce ke haske masa fuska.

Kaka ta yi nisa kafin su samu hawa. Suka kwana a ɗan ɗakin katakonsu na bakin tafki, da safe suka ci burodi da cuku mai zaƙi, kowa ya jawo jakarsa. Sveinung yana da wasu kaya da ba sa fita daga ƙasan jakarsa, ko da leƙa tarko zai je: babban buhun fakewa mai launin lemo wanda mutum biyu ke shiga ruwa da iska ba sa ratsa shi, rigar ulu da safa a ƙulle cikin leda, ƙaramin risho da tukunyarsa, ashana a kwalba, bandeji, usur, sukari, da na'urar kiran agaji da Bergit ɗin ta saya masa shekarun baya. Ta ɗaga jakar ta ji nauyinta, sai ta zazzage ta a kan gado.

"Me kike yi haka?"

"Ni zan ɗauki waɗannan."

"Mayar mini da kayana."

"Baba, tare muke tafiya. Ko a bayanka suke ko a bayana, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Kayan mutum a bayansa suke zama."

"Kafaɗarka ce ba ta san haka ba. Ka bar ni in yi maka wannan, don Allah."

Ya ƙyale ta. Ta bar masa fulas ɗin kofi da burodi da wuƙarsa. Da ya rataya jakar ya ɗan yi tangaɗi, don ya saba ta ja shi baya.

"Kamar na manta wandona," in ji shi. Ta yi dariya, shi ma ya taya ta.

Gari ya waye da kyau. Gansakuka ta yi ja da rawaya a kan duwatsu, iska tana busowa daga yamma, mai sanyi amma ba mai cizo ba. Bergit tana bayansa tana kallon yadda yake taku, ƙafarsa sakayau, bindigar tana lilo a kafaɗar hagu ba ta dame shi ba. Daɗi ya cika ta. Har ta raya a ranta cewa ta ƙara masa shekaru a kan tsauni.

Rana ta ɗan karkata suka hango garken barewa a wani kwari, suna kiwo sun ba iska gaba. Suka zagaya ta bayan tudu, suka rarrafa a kan gwiwa, daga baya a kan ciki, har suka kai wani ƙaton dutse mai tsagi a tsakiya. Sveinung ya daɗe da madubin hangen nesa a ido. Ya nuna mata wani namiji da ya ɗan ware a gefe, mai farin wuya, ƙahonsa rassa-rassa.

"Naka ne," ta raɗa masa.

Ya kwantar da bindigar a kan dutsen, ya manna kumatu, ya saki numfashi. Bergit ba barewar take kallo ba, shi take kallo. Don haka ta ga abin da ya faru sarai: daidai lokacin da yatsansa ya matsa kunama, kafaɗar ta zabura ta ja baya tun harsashin bai fita ba.

Ƙarar ta cika kwarin. Barewar ta gantsare, ta dunƙule baya kamar wadda aka nausa a ciki, amma ba ta faɗi ba. Garken ya tarwatse ya sake haɗuwa, ita kuma ta kutsa tsakiyarsu. Bergit ta ɗaga tata bindigar, ba ta ga inda za ta sa harsashi ba tare da ta sami wata ba. Suna kallo suka haye tudu suka ɓace.

Sveinung ya tashi ya gangara inda dabbar ta tsaya, ya durƙusa. Jinin baƙi ne, gauraye da ɗanyar ciyawa. Ya shafa da yatsa ya sansana.

"A ciki na same shi," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun da nake, ban taɓa harbin dabba a ciki ba."

"Mu ba shi lokaci ya kwanta, Baba. Idan muka bi shi yanzu ƙara gudu zai yi."

"Na sani. Dubi can."

Ta waiga. Daga yamma wani baƙin hadari ya taso ya haɗiye kan tsaunuka. Idan ruwa ya sauka zai wanke jinin, sawun ya ɓace.

"Ba zai yi nisa ba," ya ce. "Bayan tudun nan zai kwanta."

Ya riga ya fara tafiya, da sauri irin wanda ba ta san yana da sauransa ba. Bergit ta bi shi da gudu-gudu, jakarta tana dukan bayanta, kayan mutum biyu a ciki. Ta ga yana ba ta rata. Sai ta koma da baya kaɗan, ta sauke jakar a gindin dutsen nan mai tsagi, ta ɗauki bindigarta kawai. Bayan tudu ne, yanzu za su dawo.

Bayan tudun babu komai sai ɗigon jini. Suka bi shi zuwa tudu na gaba. Can suka ga inda dabbar ta kwanta ta tashi, ta rabu da garken ta gangara wajen ruwa. Sveinung ya ce saura kaɗan. Kowane tudu suka hau sai ya ce saura kaɗan. Hazo ya fara zubowa kamar hayaƙi, bayansa ruwa haɗe da ƙanƙara, yana dukan fuska a karkace. Ba a jima ba jinin ya wanke.

"Baba, mu koma."

"Ƙetaren rafin nan kawai. Ruwa yake nema."

Rafin ba shi da faɗi, sun sha ƙetare irinsa. Sveinung ya taka dutsen farko, ya taka na biyu, na ukun ya yi santsi. Ya kai hannun dama zai dafa, hannun ya ƙi ɗaukarsa. Ya faɗa ruwan har ƙirji. Kafin Bergit ta jawo shi gaɓa ya jiƙe sharkaf, idon sawunsa ya gurɗe, haƙoransa suna kaɗawa.

Ta ja shi bayan wani dutse inda iska ba ta kai sosai. Ya zauna, ya sauke jakarsa, ya buɗe, ya zura hannu har ƙasa yana lalube. Ya lalubi wannan kusurwa, ya lalubi waccan. Sannan ya tsaya. Ya ɗago ya dubi bayanta, inda babu jaka.

Ya zaro hannunsa, ya rufe jakar. Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi.

"Tana gindin dutsen da ka yi harbi," ta ce. Muryar ba ta yi kama da tata ba. "Zan je in ɗauko."

Ta duba wayarta, babu sabis, dama ba a samu a nan. Ta cire masa jiƙaƙƙiyar rigar sama, ta tuɓe tata ta sa masa, ta ɗura masa sauran kofin da ke fulas. Ta ce idan ya ji harbinta ya amsa da tasa bindigar, don ta gane wurin.

"Ki bi rafin," in ji shi, kalmomin suna karyewa a bakinsa. "Kada ki yarda da idonki. Rafin."

Ta bi rafin sama har inda suka gangaro, daga nan sai ita da hazo. Duk duwatsun duniya suka koma iri ɗaya. Ta ga mai tsagi ta ruga, ba shi ba ne. Ta ga wani, shi ma ba shi ba ne. Ruwa ya ratsa rigar ulun da ta rage a jikinta. Tana tafiya tana magana ita kaɗai, tana zagin kanta da duk zagin da ta sani, tana kiran sunan Allah a tsakani. Sau ɗaya ta gane sawun takalminta a laka, ta san zagaye take yi, ta tsaya ta dafe kai har numfashinta ya daidaita, ta sake ɗaukar hanya daga inda iska ke bugun kuncinta. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Ta dai san haske ya fara raguwa sa'ad da ƙafarta ta yi tuntuɓe da igiyar jakar.

A durƙushe ta zaro na'urar ta danna, ta ga 'yar fitilarta tana ƙyaftawa. Ta rataya jakar ta juya.

Da ta kai rafin ta harba sama. Ta saurara. Babu amsa sai ƙarar ruwa. Ta busa usur har kunnenta ya yi zafi, ta ƙara harbi, shiru. Ta ci gaba da bin gaɓa tana leƙa bayan kowane dutse, har ta hango takalminsa.

Yana zaune yadda ta bar shi, bindigar a kan cinyarsa. Ya ji harbin, yatsunsa ne suka ƙi lanƙwasuwa. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ya daina rawar sanyi. Ta san ma'anar wannan. Ta warware buhun ta lulluɓe su duka biyu, ta yanke masa jiƙaƙƙun kaya da wuƙa, ta sa masa busasshiyar rigar ulu da safa, ta shimfiɗa jakunkuna a ƙarƙashinsa. Ta kunna risho a bakin buhun ta dafa ruwa da sukari tana ba shi kaɗan-kaɗan. Ta rungume shi ta baya, tana kiran sunayen tumakinsu na da, tana tilasta masa ya tuna wadda ta haifi wacce, don kada barci ya ɗauke shi. Da rawar sanyin ta dawo masa, sai ta fashe da kuka.

"Ya kwanta yanzu," ya ce can. "Yana nan kusa. Da mun ƙara kaɗan."

"Baba, ka bar maganar barewa."

"Yana jin jiki, uwata."

Jirgin agaji bai iya tashi a wannan hazo ba. Da ƙafa masu agaji suka taho, Aslak yana gabansu don shi ya san ƙasar. Gari na wayewa ta ji muryarsa daga ƙetaren rafi.

"Ina tsohon banzan nan? Ka mutu ne in gaji tarkunanka?"

Sveinung ya motsa leɓe. Bergit ta kai kunne.

"Ce masa ko igiya ba zai samu ba."

Aslak ya durƙusa ya riƙe fuskar abokinsa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, bakinsa bai daina zagi ba. Da hantsi hazon ya yaye, jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi.

Sanyin ya sauka a huhunsa. Ya yi kwanaki ba ya gane mutane sosai. Ranar da ya farfaɗo, wata ma'aikaciyar jinya ta zo sauya masa riga Bergit tana zaune. Da aka zame rigar ta ga kafaɗar dama. Ba ƙujewar faɗuwa ba ce. Tabo ne a kan tabo, wani baƙi, wani kore, wani ya koma rawaya, daidai inda gindin bindiga ke zama. Ta jira matar ta fita.

"Wannan fa?"

Ya ja bargo ya rufe. "Na riƙa zuwa bayan rumbu ina gwadawa. Na ce ko za mu saba da juna."

"Tun bazara?"

"Kusan haka."

"Me ya sa ba ka gaya mini tana dukanka ba? Da ka ɗauki tsohuwar. Tana nan a kabad fa, Baba, babu wanda ya hana ka."

Ya kalli taga. "Kin yi ta murna," in ji shi. "Rabon da in ga kin yi murna haka tun mamanki na da rai."

Ta tashi ta fita baranda. Mai shago ya gaya mata. Idonta ya gaya mata a filin gwaji. Shi kansa ya gaya mata a ɗakin katako, da bakinsa, cewa ba ɗaya ba ne. Kowane lokaci ta ji, ta kuma zaɓi abin da ya fi mata daɗin ji. Duk abin da ta yi don shi ta yi, amma ko sau ɗaya ba ta zaunar da shi ta tambaye shi abin da yake so ba.

Bai sake maganar kafaɗa ba, bai yi maganar jaka ba. Abu ɗaya yake tambaya duk wanda ya shigo: an ga barewar? Masu kula da farauta sun aika an duba, ba a samu ba. Don haka da likita ya ce ya tsallake haɗari, Bergit ta ɗauki Aslak da karyar farautarsa suka koma tsaunin.

Hankaki ne suka nuna musu wurin tun karyar ba ta kai ba. Wani ɗan rami ne a ƙetaren rafin, ƙasa kaɗan da dutsen da suka fake. Da babu hazo a ranar, daga inda suke zaune za su hango ƙahonsa. Dila da tsuntsaye sun ci rabinsa. Bergit ta tsaya tana kallon ƙasar wurin. An tone gansakuka a zagaye har laka ta fito, inda ƙafafu suka daɗe suna shure-shure.

Aslak ya cire hularsa, ya mayar. "Ki ce masa nan take ya mutu. Ki ce yana kwanciya rai ya fita. Ni ma haka zan faɗa."

Ta tafi da niyyar faɗin haka. Duk tsawon hanya tana maimaita kalmomin. Ta shiga ɗakin ta tarar an ɗaga masa gado yana zaune, robar iska a hancinsa.

"Mun same shi, Baba."

"A ina?"

Ta kwatanta masa. Ya gyaɗa kai, ya san ramin.

"Ƙasar wurin fa? Yaya take?"

Ta dube shi. Ta ga idan ta yi ƙarya zai karɓa, kamar yadda ya karɓi bindigar, don kada ranta ya ɓaci, sannan ya kwana da abin shi kaɗai.

"A tone take," ta ce. "Ya daɗe."

Ya rufe ido. Sannan ya miƙo hannun hagu ya dafa nata.

"Yatsana ne ya ja kunamar," ya ce. "Kada ki kwashe duka ke kaɗai. Ki bar mini rabona."

Ya koma gida kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, amma huhun bai koma daidai ba. Mutumin da ke yini yana hawa tudu, yanzu idan ya je bakin titi ɗaukar jarida sai ya tsaya ya huta a hanya. Ya sa Aslak ya kai gajerar bindigar shago aka sayar. Tsohuwar kuwa ya ba Bergit, ya ce idan ta yi mata nauyi ta nemi wadda ta dace da ita, amma ta gwada da kafaɗarta kafin ta biya.

Kakar da ta biyo baya ta ce ba za ta hau ba. Ya yi mata faɗan da bai yi mata a bakin rafi ba, har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi ba zai ci naman kanti ba yana da 'ya mai ƙafa biyu. Ta bi ayarin Aslak. A kan tsaunin takan juya za ta nuna wani abu, sai ta tuna babu wanda za ta nuna wa.

Ta dawo da yamma da cinya da haƙarƙari, ta tarar da shi a kujerarsa ta kicin, da bargo a gwiwa. Ya sa ta ba shi labari tun daga fitowarsu: ta ina iska take, ta wane kwari suka bi, wa ya fara hango garken, wace ƙarya Aslak ya yi. Yana saurare yana gyara mata sunayen tudu. Ta soya masa naman da man shanu da albasa yadda yake so. Ya ci yanka biyu, ya ce ya yi daɗi, ya ture farantin.

Ta buɗe taga don hayaƙin suya ya fita. Iskar tsauni ta shigo, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya juya fuska wajenta ya shaƙa, sai tari ya taso masa.

"Rufe tagar nan, uwata," in ji shi. "Sanyi yana shiga ƙirjina yanzu."

Ta tashi ta rufe.